Ramar Abu Na'ama

Kakana da niyyar Makka ya baro gida,
sanda, buta, jakar fata,
can ƙasan jakar wani ƙulli a tsumma:
irin rama, baƙi, kamar kashin ɓera.
Ya ce na kwaɗo ne, don kada harshe ya manta garinsu.
Guzuri ya ƙare masa a bakin Shuɗin Nilu,
ya ce bari ya yi damina ɗaya.
Hamsin ya yi.

Ƙasar nan baƙa ce, laka mai danƙo.
Da rani ta dare har ƙafar akuya ta zurma,
da damina ta riƙe takalminka ta hana.
Me ba ta haifa ba?
Riɗi, dawa, auduga, ƙaro na hawaye a jikin dakwara.
Sai dai duk cikinsu babu mai zuwa kasuwa tsirara,
buhu kuwa sai an ƙetare teku ake sayo shi.

Wata shekara masu awo suka zo suka kafa turaku,
suka ce ganyen da Inna Barira ke murzawa da ƙuli
shi zai yi wa amfanin ƙasa sutura.
Aka yi ta dariya a majalisa.
Rama? Ramar bayan ɗaki?

Ubana Zubairu yana ɗan sha tara ya shiga masaƙa.
Jiniya ta zama zakaran gari.
Gonaki suka miƙe, kara ya fi mahayin raƙumi tsawo,
fure fari-fari, tsakiyarsa ja kamar an ɗiga jini.
A yanke, a ɗaure, a danne a ruwa kwana goma,
warin jiƙon ya riga ka shiga ɗaki,
ya kwana a rigarka, ya bi ka sallar Juma'a.
Ba wanda ya toshe hanci.
Attayyib mai biyan albashi ya ce warin kuɗi ke nan.

Na tashi na tarar da tafin ubana kamar bayan kada.
In ya shafa kaina sai gashi ya maƙale.
In ya yi tari, farin ɓurɓushi ne ke fita.

Ban san ranar da abin ya mutu ba,
don bai mutu a rana ɗaya ba.
Wani haƙorin inji ya karye,
aka ce sabo yana tashar jirgin ruwa,
aka ce yana kan lori,
aka ce lorin ya kafe a taɓo.
Kafin ya iso, buhun leda ya iso,
fari, mara nauyi, mara wari, mara uwa a gona.
Ana tufka a nan, a can ana warwara.

Yanzu kurciya ce ke ƙwai a bakin jiniya.
Awaki na tuƙa a inda ake auna dami.

Rama dai ba ta bar gidanmu ba,
ta gona ta tafi, ta jiki ta zo:
ubana ya koma kamar karan da aka ɓare.
Bayan isha'i yana rama sallolin aikin dare,
yana ƙirgawa da ƙwallon dabino.
Albashin wata bakwai da aka riƙe,
wannan ban san mai rama shi ba.

Jiya 'yata Nu'aima ta shigo da gudu,
ta ce wani abu ya fito a gindin katangar masaƙa,
ba wanda ya shuka.
Tsoho ya ce a kawo masa.
Ya shinshina, ya ɓare da farce,
ya naɗe wando, ya ɗora a cinya,
hannun da ba ya riƙe cokali ya kama murza.

Ta ce, Kaka, igiyar mece ce?
Bai ɗago ba. Ya ce, ta guga.
Ganyen ki kai wa uwarki, akwai sauran ƙuli.